Esansi, gas ko sola: wanne ya dace da garkarka a kwarin Gulbin Maradi?

Duk mai garka a kwarin Gulbin Maradi, daga Madarunfa zuwa Jiratawa, Sumarana, Tibiri har Gidan Runji, ya san babu abin da ke cinye ribar noman rani kamar ban ruwa. Ruwan yana nan ƙarƙashin ƙasa, ɗago shi ne kuɗi. Shekaru da dama lissafin ba shi da wuya: a sayi motopom, wato injin ban ruwa, a sayi esansi mai araha wurin ƴan ruwa-ruwa da ke shigo da shi ta Ɗan Isa, a tayar da inji. Wannan zamani ya wuce tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Najeriya ta cire tallafin fetur. Daga nan aka koma gidajen mai, inda gwamnatin Nijar ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, sai kuma ƙarancin mai na watan Maris 2025 ya zo daidai lokacin da albasa da tumatir suka fi ƙishirwa.

A yankin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma geron rumbu ba ko yaushe yake kaiwa wata damina ba, garka ce ke cike giɓin. Muradun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2015 sun ware yunwa, lafiya, makamashi da aikin yi kowanne da lambarsa. A bakin foraj, wato rijiyar burtsatse, kuwa tambaya guda ce: da me za a ɗago ruwan? Hanyoyi uku ke gaban manomi yanzu, wato injin esansi, injin da aka mayar mai shan gas, da famfon sola.

Kafin a taka kasuwa, a ɗauki igiya a ɗaure mata dutse a auna zurfin ruwa. Ba a watan Nuwamba ba, lokacin da ƙasa ke ƙoshe. A Afrilu ko Mayu ake aunawa, kuma bayan inji ya yi awa biyu yana ja, domin ruwan foraj yana sauka idan ana zuƙarsa. Wannan awon ya fi farashin kowane inji muhimmanci, saboda injin da ke zaune a bisa ƙasa yana zuƙo ruwa ba ya wuce mita 7 zuwa 8, komai girmansa. Ba laifin maƙeri ba ne. Nauyin iska ne ke tura ruwa cikin tiyo, kuma ko a lissafin takarda bai wuce mita 10 da ɗoriya ba. Tun daga mita 5 ruwan da inji ke fitarwa yake fara raguwa sosai, mai kuwa ba ya raguwa. Wanda ruwansa ke sauka ƙasa da mita 8 a bazara, maganar gas ba tasa ba ce, esansi ma sai da dabarar rami, wadda za mu zo kanta. Haka abin yake a wurare da yawa na kwarin Gulbin Kaba, inda ruwa ya fi nisa.

Awo na biyu shi ne yawan ruwan da garka ke sha. Kayan garka a nan suna buƙatar kamar milimita 6 zuwa 8 a yini, a tsakiyar bazara ma fiye. Milimita ɗaya a kan eka ɗaya mai murabba'in mita 10,000 mita kubik 10 ne, kuma mita kubik ɗaya tano biyar ne na lita 200. Garka mai rubu'in eka ke nan tana son kusan mita kubik 17 zuwa 18 a gindin shuka. Amma ruwan da ke bin hanyar ƙasa zuwa fangali a ƙasa mai rairayi, kashi mai yawa yana nutsewa a hanya, don haka sai an ɗago kamar mita kubik 30, tano 150, a yini. Da wannan adadi za mu gwada hanyoyin uku.

Injin esansi mai tiyo inci 2 ko 3 shi ne wanda kowa ya sani, mai doki 5.5 zuwa 6.5, irin Honda GX160 da GX200 da kwaikwayonsu na Sin da suka cika kasuwa. A jikin kwali ana rubuta wa mai inci 2 mita kubik 30 zuwa 36 a awa, amma wannan idan ruwa na bakin inji ne. Da zuƙa ta mita 6 da doguwar tiyo, a sa rai da 15 zuwa 20. Tano 150 ke nan cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da mai kamar lita 2. A zangon noma na kwana 120 lita 240 ne, a farashin 499 kusan jika 120, ban da baƙin mai da gyara. Mai zogale da ke ban ruwa kwana 250 a shekara zai ƙone lita 500, kusan jika 250.

Alherinsa a bayyane yake. Shi ya fi araha wurin saye, ana ɗora shi a amalanke ko bayan babur a kai shi gida da yamma, maƙwabta biyu ko uku suna iya karɓa-karɓa da inji guda, kuma babu ƙauyen da ba a samun mai gyaransa. Yana fitar da ruwa da ƙarfi, mutum ya gama kafin hantsi ya tafi wata sana'a. Abin da ke kashe shi kusan kullum sakaci ne. Cikinsa lita 0.6 kawai na baƙin mai yake ɗauka, ana juye na farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100, kuma a ƙurar hunturu gara a rage tazarar. Soson iska idan ya toshe inji ya riƙa shan mai fiye da kima, idan aka cire shi aka yar kuma ƙura ta cinye zoben fistan cikin zango ɗaya. Man kwalba mai ruwa ko datti yana toshe karbureta. Tayar da inji ba a cika tukunyar famfo da ruwa ba yana ƙona robar da ke hana yoyo a bayan farfela cikin ƴan mintoci. Idan inji na ta ƙara ruwa bai zo ba, a fara duba mahaɗar tiyon zuƙa kafin a zargi inji: ƙofa kamar ta allura ta ishe ta shigar da iska ta yanke ruwan.

Dabarar rami ita ce a haƙa rami na mita 2 ko 3 kewaye da foraj a saukar da inji don ya kusanci ruwa. Tana aiki, amma tana da haɗari biyu da ba a cika faɗa ba. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba ta kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma a rami taruwa take. Ciwon kai da jiri su ne alamun farko, bayansu suma. Kada kowa ya sauka ramin inji na aiki, musamman yaran da ake aike su kashe shi. A jawo salansa zuwa sama da bututun ƙarfe, a kuma ɗaura igiya ko waya da za a kashe inji daga bisa. Haɗari na biyu rubzawa ne, domin ƙasar gulbi rairayi ce, ramin da ba a ɗaure da bulo ko siminti ba yana iya rufta wa mutum.

Gas ba sabon inji ba ne. Wannan injin ne dai, an canja masa karbureta ko an ƙara masa kai don ya sha daga tukunyar gas ta girki. Matatar SORAZ ta Zinder, wadda ta fara aiki a 2011, ita ke samar da shi a cikin ƙasa, kuma farashin da hukuma ta tsayar shekaru da dama shi ne sefa 1,800 tukunyar kilo 6, da 3,750 ta kilo 12.5, wato sefa 300 kilo. Kilo ɗaya na gas yana da ƙarfin kusan lita 1.4 na esansi. Abin da lita 240 za ta yi, kilo 171 zai yi, manyan tukwane 14, kusan jika 51 a madadin 120. A zangon kwana 250 kuma jika 107 a madadin 250. Ragin ya fi rabi, kuma kuɗin canjin ba ya kai ribar zango ɗaya. Wannan lissafi yana tsayawa ne muddin ana samun gas a farashin hukuma. A ƙauyen da ke nesa da wurin cikawa, ko lokacin ƙaranci, sai a sa farashin da ake biya a hannu tare da kuɗin kai da kawowa.

A nan ingancin haɗi shi ne komai. Kan gas na gaskiya yana buɗewa ne idan inji na zuƙa, ya rufe da kansa idan inji ya mutu. Haɗin gida, wanda ake ɗaukar kan murhu a cusa tiyo ta wurin shigar iska, ba ya rufewa. Inji ya mutu mai garka na can ƙarshen fangula, gas ya ci gaba da fita kusa da salansa mai zafi. Ga shi gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Inji mai gas a cikin rami haɗa wuta da auduga ne, ba mu ba kowa shawararsa ba. Tiyon ya zama na gas, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, a gwada yoyo da ruwan sabulu duk lokacin da aka canja tukunya. Tukunya ta tsaya a tsaye cikin inuwa, nesa da salansa. Kwantar da ita ko kifa ta don a tatse sauran yana tura ruwan gas cikin inji.

Akwai ƙananan abubuwa da sabon mai amfani zai ci karo da su. Ƙarfin inji yana ɗan raguwa, kamar kashi ɗaya cikin goma. Da sanyin safiya na hunturu ƙaramar tukunya tana yin gumi ta yi sanyi, gas ya rage fita, inji ya riƙa shaƙewa. Maganinsa babbar tukunya, ko a tsayar da ita cikin kwanon ruwa, ba a kusanta ta da wuta ba ko kaɗan. Gas ba ya jiƙa bawul kamar esansi, don haka a riƙa duba tazararsu akai-akai, milimita 0.15 na shiga da 0.20 na fita a irin GX160. Baƙin mai kuma ba ya saurin yin baƙi da gas, sai mutane su ɗauka yana da sauran rai. A bi awa, kada a bi launi.

Wani abu ɗaya ya kamata a faɗa. An sauƙaƙa farashin gas ne don mata su bar itace, daji ya huta, hayaƙin murhu ya ragu a ƙirjinsu da na ƴaƴansu. Garka guda da ke shan manyan tukwane 14 a zango ta sha abin da gida zai daɗe yana girki da shi. Idan gas ya yi ƙaranci, garka da madafa tukunya ɗaya suke nema, kuma duk wanda ya gina nomansa kacokan a kan wannan farashi ya gina shi a kan shawarar da hukuma ke iya canjawa, kamar yadda aka gani a esansin Najeriya.

Sola ita ce ta fi buƙatar a zauna a yi lissafi, domin a nan ne ake yawan asarar kuɗi mai yawa lokaci guda. Famfon sola iri biyu ne. Na bisa ƙasa yana da iyakar mita 7 ɗin nan, rana ba ta canja wannan doka. Mai nutso, wanda ake zurawa cikin foraj, turo ruwa yake daga ƙasa, don haka mita 15 ko 30 ba matsala ba ce, yawan farantai ne kawai ke ƙaruwa. Ga yadda ake ƙiyasta su: a ninka mita kubik na yini da tsawon ɗagawa da 2.7. Tsawon ɗagawa ya haɗa zurfin ruwa lokacin ja, da tsayin basan, wato wurin tara ruwa na siminti, da ɗan ƙari saboda gogayya cikin tiyo. Mita kubik 30 a mita 15 ya ba da kusan wat-awa 1,200 a yini. Ƙaramin famfo ba ya mayar da fiye da kamar kashi 40 cikin 100 na wutarsa ruwa, sai adadin ya koma 3,000. A raba shi da awa 5.5 na cikakkiyar rana, a kuma bar rubu'i saboda zafi da ƙura, a samu kusan wat 730. Farantai biyu ke nan na wat 400, ko uku na 300. Zurfi ya ninka, farantai su ninka.

Barin rubu'in nan ba tsoro ba ne. Faranti yana rasa kamar kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25, kuma a Afrilun Maradi jikinsa yana kai digiri 60, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa. A fuskantar da farantai kudu, a jingine su kamar digiri 15, a wanke su da sassafe da tsumma mai laushi duk kwana biyu ko uku a lokacin ƙura. Inuwar reshen dogon yaro a kan faranti ɗaya tana rage wutar duk waɗanda aka jera da shi. A kasuwa kuma a tafi da ma'auni: faranti na zamani yana ba da wajen wat 200 a kowane murabba'in mita, don haka wanda bai fi murabba'in mita ɗaya ba amma an manna masa takardar wat 300, takardar ƙarya take.

Abin da ya fi kashe famfo mai nutso shi ne rairayi da ja a bushe. Foraj ɗin hannu da aka haƙa don motopom sau da yawa bakinsa ƙarami ne, kuma ba a zuba masa tsakuwar tacewa yadda ya kamata ba. A auna faɗin cikinsa kafin a sayi famfo, a kuma tari ruwansa a bokiti a ga abin da ya kwanta. Famfo mai sandar murɗe yana kai ruwa sama sosai da ƙaramar wuta, amma rairayi yana cinye robarsa. Mai farfela ya fi ba da ruwa da yawa a zurfi kaɗan, shi ya fi dacewa da yawancin garaken gulbi. A rataye famfo aƙalla mita ɗaya sama da gindin foraj, da igiyarsa daban ba da wayar wuta ba, a sa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya sauka. A karanta iyakar bolt da ke jikin akwatin kontrola, mai daidaita wutar farantai zuwa famfo, kafin a jera farantai, domin wuce ta yana ƙona akwatin nan take. Mahaɗar waya da za ta zauna cikin ruwa a rufe ta da ƙaro na musamman, salatif ba ya yi. Batir kuwa a manta da shi: zafi yana kashe shi da wuri, kuma ajiye ruwa ya fi ajiye wuta araha.

Wannan ya kawo mu bambancin da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Sola ba ta zubo ruwa kamar motopom. Tano 150 ɗin za su zo ne a hankali daga hantsi zuwa la'asar, mita kubik 4 ko 5 a awa. Ruwa kaɗan haka idan aka sake shi a hanyar ƙasa, rairayi zai shanye shi kafin ya kai fangali na ƙarshe, mai garka ya wuni a rana yana jira. Dole a haɗa ta da basan na siminti, misali mita 3 a 3 da zurfin 1.5, wanda ke ɗaukar mita kubik 13.5, ko da tiyon roba da aka binne kamar rabin mita mai bakuna a tsakiyar garka, wanda ake kira tsarin Kaliforniya. Kuɗin wannan yana cikin kuɗin sola, wanda bai sa shi a lissafi ba ya yaudari kansa. Basan yana son a zazzage shi ƙaf sau ɗaya a mako, tun da sauro yana kammala girma cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi, kuma a kewaye shi saboda ƙananan yara. Sai tsaro. Farantai ba sa bin mai su gida da yamma kamar inji, sai an yi musu firam na ƙarfe da walda, ko mai gadi.

Yanzu a haɗa lissafin. A ɗauka, don misali kawai, sola da basan sun fi inji tsada da jika 600. Kowa ya sa farashin da aka ba shi a wurin wannan adadi. Mai zogale na kwana 250 da ke kan esansi zai mayar da kuɗinsa cikin shekara biyu da rabi. Mai zango ɗaya na kwana 120 a kan esansi sai shekara biyar. Idan da gas ake gwadawa, na kwana 250 ya kusa shekara shida, na kwana 120 kuwa kusan goma sha biyu, kuma kafin nan an canja famfo ko kontrola, ko da yake farantai masu kyau suna wuce shekara 20. Ashe sola ba ta kowa ba ce. Ta wanda ruwansa ya wuce mita 8 ce, da wanda ke noma mafi yawan shekara, zogale ko itatuwan marmari ko zango biyu a jere, a ƙasar da take tasa. Wanda ke aro ko hayar fili, ko garkarsa ke bakin gulbi inda ruwa ke malalewa da damina, ko ruwansa na mita 4 zuwa 6 yana zango ɗaya na albasa, inji da haɗin gas mai inganci ya fi masa, ya bar karbureta mai karɓar duka biyun don ranar da ɗaya ya yanke.

Lantarkin NIGELEC ba mu tsaya kansa ba saboda garake kaɗan ne ke kusa da waya. Filin noman Jiratawa na ONAHA, hukumar filayen ban ruwa ta ƙasa, da shi yake ɗago ruwa, kuma yankewar layin wutar da ke zuwa daga Katsina a watan Agustan 2023 ta nuna wa yankin duka abin da dogara ga hanya ɗaya ke jawowa.

Sola tana da wata illa da ba ta fito a aljihun mutum ɗaya. Mai sayen esansi yana kashe inji da zarar fangali ya cika, saboda kowane minti kuɗi ne. Mai sola ba abin da ke tsayar da shi. Ruwan ƙarƙashin kwarin nan kuwa daga damina da malalar gulbi yake samun ƙari, gulbin da madatsar Jibiya ke riƙe wani kashi nasa tun kafin ya ƙetaro iyaka. Idan famfunan nutso suka yawaita suna zuba ba awo, wanda zai fara ji a jikinsa shi ne maƙwabci mai motopom, da ruwansa zai sauka daga mita 6 zuwa 8 ya fi ƙarfin injinsa. Na'urar da ke kashe famfo idan basan ya cika ba ta da tsada, a saka ta tun ranar haɗi.

Wanda ya koma sola kada ya sayar da tsohon injinsa. Akwai ranakun da hazo ke rufe rana, ruwa ya ragu sosai, akwai kuma ranar da kontrola zai lalace a jira mai gyara daga cikin gari, tumatir mai fure kuwa ba ya jure kwana uku ba ruwa a bazara. A riƙa tayar da injin minti goma duk mako biyu, idan zai daɗe a ajiye kuma a rufe makullin mai a bar shi ya shanye na cikin karbureta har ya mutu da kansa, a zubar da ruwan tukunyar famfo, a ɗora shi bisa katako cikin ɗaki.